Bikin Tunawa Da 'Yan Diga: Wa Muke Jira Ya Yi Mana?

 Yau zan yi wata magana da na san ba za ta yi wa wasu iyayenmu dadi ba, to amma sai a yi hakuri, ranar wanka ba a boyon cibi. Maganar ita ce, ya kamata a ce duk shekara akwai rana guda da za a taru a wannan karamar hukuma tamu ta Wushishi a yi bikin tunawa da jirgin kasa da mutanen da suka yi masa bauta, kuma mu 'yan kasuwa da muke kiran kanmu baki, mu ne ya kamata mu fara zuba kudinmu a ciki. Rashin yin haka butulci ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Da yawa daga cikin samarinmu ba su san cewa a nan aka fara shimfida karfen jirgi a duk fadin Arewa ba, tun kafin Kano da Zariya da Kaduna su ji kukan jirgi. A shekarar 1901 Turawa suka ja wani dan siririn layi mai fadin kafa 2 da inci 6 daga Wushishi zuwa Zungeru, tafiyar mil 12, saboda kayan da jiragen ruwa ke haurowa da su ta kogin Kaduna su isa sabuwar hedikwatar Lugga. A 1902 aka kara masa mil 10 zuwa Barijuko, inda ruwa ya fi zurfi, ya zama mil 22 ke nan. Da aka gama da shi wajen 1910 sai aka kwashe karafunansa da taragoginsa aka kai su layin da aka ja daga Zariya zuwa filayen kuza na Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957. Kan jirgin nan na farko kuwa, a tashar Minna aka kai shi aka ajiye don tarihi. To jama'a, yaran Wushishi nawa aka taba dauka aka kai su suka gan shi?

Bayan wannan ne babban aiki ya zo. A zamanin Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan layin dogo ne, aka soma layin Baro zuwa Kano a 1907, tafiyar fiye da mil 350, ya isa Kano a 1911. Shi kuma layin Ikko ya biyo ta Jebba da Zungeru ya hade da shi a Minna. Babu katafila a lokacin, babu tifa. Da diga da shebur da kwando a ka aka fasa duwatsu, aka cike kwari. Su wa suka yi? Talakawa ne, Nufawa da Gwarawa da Hausawa, wadanda akasarinsu ba da son ransu suka je ba. Bature zai yanka wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya yanka wa hakimi, hakimi ya yanka wa dagaci, dagaci ya shiga gida-gida. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa ya tafi daji, wani ya dawo da ciwo, wani ko gawarsa ba a gani ba. Abin ya girgiza kasar Hausa har Sarkin Zazzau Aliyu Dan Sidi ya yi waka a kai, wadda aka sani da Wakar Diga.

Yanzu ku duba wadanda ake tunawa. In wani babba ya zo Zungeru, maganar ba ta wuce nan ne Lugga ya zauna kafin a mayar da hedikwata Kaduna, nan aka haifi Azikiwe a 1904, nan aka haifi Ojukwu a 1933. Gadar kafa da Lugga ya gina a 1904 ma an kwance ta an kai Kaduna, an kafa ta a lambun Gamji ana kiranta da sunansa. Amma leburan da ya dauki karfen a kafadarsa ba shi da ko allo guda da aka rubuta "Allah Ya jikansa". Kura da shan bugu, gardi da karbar kudi.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, domin na sha ji a rumfar mahaifina: "Yaro, mu baki ne, ciniki ya kawo mu, wannan aikin 'yan kasa ne da gwamnati." Da girmamawa nake cewa, Baba, wannan magana ba ta karbuwa. Me ya kawo mu nan in ba dogo ba? Kakana daga kasar Katsina ya biyo jirgi da dan jarinsa, yana saro doya da shinkafa yana aikawa Arewa, yana karbo goron da ke zuwa daga Kudu. Haka labarin yake a kusan kowane gida a unguwarmu. Jirgin da ya isa Kano, wanda daga 1912 ya sa gyada ta zama dukiya har irin su Alhassan Dantata suka shahara, shi ne dai ya bude wa kananan fatake irin kakanninmu hanya suka kafu a bakin tashoshi. A nan aka haife mu, a nan makabartar iyayenmu take, amma in aka zo aikin gari sai mu ce mu baki ne, in an samu riba kuma sai a kwashe a je a gina bene a garin da ba a kwana goma a cikinsa a shekara. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Wasu kuma cewa suke, jirgi ai kayan Nasara ne, don kwasar arzikinmu aka kawo shi, me za mu yi wa biki? Gaskiya ne, Bature bai shimfida dogo don kaunarmu ba, auduga da gyada da kuza yake nema. To shi ya sa ma nake cewa bikin na ma'aikata ne, na Lugga ya riga ya isa haka. Kuma kada mu manta, ma'aikatan reluwe ne suka zama kashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, karkashin Michael Imoudu, wanda aka shafe kwana 44 ana yi don neman kudin tsadar rayuwa, abin da ya nuna wa Turawa cewa mutanen kasar nan sun farka. Direbobi da masu zuba kwal da masu duba layi da masu sayar da tikiti da 'yan dako, daga kowace kabila, su suka rike wannan hanya shekara da shekaru. Wasunsu suna nan cikinmu, sun tsufa, suna jiran dan fansho, muna wuce su a kofar masallaci ba mu san ko su wane ne ba.

Akwai masu cewa jirgin ma yaushe rabon da a dogara da shi, sabbin layukan da aka bude, na Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Ikko zuwa Badun a 2021, ba su biyo ta kanmu ba. To wannan ai shi ne dalilin yin bikin, domin garin da bai tuna da kansa ba babu mai tuna shi. A Ingila, a 2025, an yi bikin cika shekara 200 da layin Stockton zuwa Darlington, kuma Shildon, wani dan karamin gari da ke kan layin, gidan tarihin jiragen kasa ne ke jawo masa baki. A Indiya, dan siririn layin Darjeeling da aka bude a 1881, wanda bai ma kai namu fadi ba, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1999. A Amurka, leburori 'yan Sin ne suka fasa duwatsun layin da ya ratsa kasar aka gama a 1869, aka yi watsi da sunansu, sai a 2014 ma'aikatar kwadago ta kasar ta karrama su. Ba su samu wannan a kwance ba, jikokinsu ne suka yi ta magana har aka ji.

Ga kuma abin da ya fi min ciwo. Kowa yana jin labarin yadda ake kama masu kwance karafunan layin dogo suna sayarwa a sassan kasar nan. Barawo ba ya kwance karfe sai ya san akwai mai saye, kuma harkar gwangwan a hannun wa take in ba mutanenmu ba? Ban ce duk dan gwangwan barawo ne ba, akasarinsu halaliyarsu suke nema. Amma wanda ya auna karfen dogo a sikelinsa, ya sani gumin kakan wani ya auna, watakila ma na kakansa.

Bikin da nake magana ba ya bukatar miliyoyi, kuma ban ce a kawo makada a yi ta liki ba. Rana daya ce bayan kaka, da rana tsaka, a filin tashar Zungeru. A nemi izinin masu sarauta da hukumar jiragen kasa. A tattaro tsofaffin ma'aikatan da ke raye da matan wadanda suka rasu, a zaunar da su a kujerun gaba, a yi masu sutura, a ba su abin sayen magani. Samari su dauki muryoyinsu a waya tun kafin su tafi da abin da suka sani. A sauke Alkur'ani a yi wa mamata addu'a, 'yan uwanmu Kiristoci su ma su yi nasu. A yi hayar mota a kai 'yan makaranta Minna su ga kan jirgin garinsu. Shugabannin kasuwa su tsaya a gaban jama'a su yi alkawarin duk wanda ya sayi karfen dogo ba namu ba ne. Dan siyasa in ya zo ya zauna kamar kowa, kada a mika masa abin magana ya mayar da taron na kamfe.

Kudin kuwa, in kowace rumfa ta ba da abin da muke kashewa a katin waya na mako guda, an gama. Mu fara, sannan mu je wa 'yan uwanmu Gwarawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo da hannu a cike, domin hannu daya ba ya daukar jinka. Ina rokon Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan hatsi da 'yan doya da 'yan gwangwan su sa wannan magana a zamansu na gaba. In dattawa sun ga ba su da lokaci, su sa mana albarka kawai, mu samari za mu dauki faranti mu zaga kasuwa.

Allah Ya jikan 'yan diga, Ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara, Ya ba mu ikon rike amanar garin da ya rike mu. Wassalam.