Albasar Aliero da Aikin Jakadanci

Hulɗar ƙasa da ƙasa, wato yadda gwamnatoci suke tsara ma'amalarsu ta fuskar ciniki da tsaro da shige da ficen jama'a, ta daɗe tana taɓa rayuwar mutanen ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, ko da yake ba da wannan suna suka san ta ba. Jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, saboda haka duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, manomin Aliero da dillalin kasuwar Jega suna cikin waɗanda ke fara ji a jikinsu, domin albasar da aka ɗura a buhu ba ta jiran a gama zaman sulhu. Duk da haka, ra'ayin da ya zauna a zukatan mutane shi ne aikin jakadanci rabon 'ya'yan manya ne, ko kuwa ladan da ake ba ɗan siyasar da ya faɗi zaɓe.

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, tunda shugaban ƙasa yana naɗa wasu jakadu daga cikin 'yan siyasa. Sai dai akwai rukuni na biyu, wato ma'aikatan Ma'aikatar Harkokin Waje da suka taso daga ƙasa, kuma hanyarsu a rubuce take. Mai digiri da ya kammala hidimar ƙasa yakan nemi aiki ta Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya, ya fara a mataki na 8, ya sami horo a makarantar jami'an diflomasiyya, sannan ya riƙa hawa daga sakatare na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, har ya kai muƙamin mashawarci, kafin a yi maganar jakada bayan shekaru masu yawa. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a dama da kowace jiha a muƙaman tarayya, wanda hakan ke nufin Kebbi tana da gurbinta, amma gurbi ba ya bin mutum gida idan bai ji sanarwa ya cike takarda ba.

Babban giɓin da ya kamata a duba shi ne harshe. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, mazauninta yana Yamai, kuma tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, tattaunawa kai tsaye tsakanin ƙasashen biyu ta ƙara muhimmanci. A shekarar ta 2025 ce kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya ba ɗan Maiyama wani jari da bai saya da kuɗi ba. Amma takardun kwastan da yarjejeniyoyi a Yamai da Kwatano har yanzu da Faransanci ake rubuta su, kuma wanda bai iya karanta abin da zai sa wa hannu ba, tafinta ne zai zama maigidansa.

Jami'ar da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ta kimiyya da fasaha ce, sai dai wannan bai rufe wa ɗalibanta ƙofa ba. Tun 1987 Nijeriya take da shirin TAC, wanda ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Haka nan jami'in shige da fice da ya fara aiki a iyakar Kamba yana iya wayar gari a teburin fasfo na wani ofishin jakadanci. Abin da ya rage wa gwamnatin jiha shi ne ta ɗauki malaman Faransanci a makarantun sakandaren waɗannan ƙananan hukumomi uku, ta kuma sa a riƙa karanta sanarwar ɗaukar ma'aikatan tarayya da Hausa a rediyo kafin wa'adin neman ya cika.