Mujiyar da ke fita da rana



In ka bi hanyar Gella ko ta Vimtim da hantsi, ka ji ƙananan tsuntsaye sun kaure da tsiwa a kan tsamiya guda, to ɗaga kai ka duba da kyau. Sau da yawa za ka tarar da wata 'yar mujiya a tsakiyarsu, tsawonta wajen santimita 20, nauyinta kuwa bai cika wuce giram 100 ba. Masana suna kiranta Glaucidium perlatum, ana kuma samunta tun daga Senegal har Habasha, har can Afirka ta Kudu.

Mun saba cewa mujiya ba ta fita da rana. Wannan kam tana fita. Na taɓa tsayawa ƙarƙashin wata ɗorawa a gefen kogin Yedzaram ina kallonta: idanu rawaya, kai da baya duk ɗigo-ɗigon fari kamar na zabuwa, tana kaɗa jela hagu da dama. Da ta juya mini ƙeya sai na ga har yanzu kallona take yi. Ashe baƙin tabo ne guda biyu a ƙeyarta, masu kama da idanu sak. Masana na ganin su ne ke sa mai shirin kawo mata farmaki ta baya ya yi shakka. Ikon Allah ke nan.

Tsuntsayen da ke yi mata taron dangi suna da hujja, domin takan kama na kamawa a cikinsu. Amma akasarin abincinta fara ce da gyare da tsutsa, sai ɓera da ƙadangare. Manomin da ya san ɓarnar fara a gonar dawa, ko ta ɓera a rumbu, ya san wa take yi wa aiki.

Duk da haka, yaro na hango ta sai ya ɗauko danƙo, babba kuma ya ce mugun abu ya sauka a gida. Wannan camfi yana ba ni takaici ƙwarai. Kukanta da ake tsoro fito ne kawai, gajeru a jere suna hawa sama, sannan dogaye suna gangarowa. Abokiyar zama ake kira da shi, ko a shaida wa maƙwabta cewa wurin yana da mai shi.

Abin da ya fi danƙo illa shi ne gatari. Wannan mujiya ba ta saƙa sheƙa. Ramin da maƙwaƙƙwafi ya fafe a jikin itace ya bari, shi take shiga ta yi ƙwai biyu zuwa huɗu, ta kwanta a kansu kusan wata guda, 'ya'yan kuma su ƙara wajen wata guda kafin su tashi. Irin wannan rami kuwa a tsohon itace ko busasshen reshe ake samunsa, kuma su ne masu itace da masu gawayi ke fara sarewa a gindin duwatsun Mandara. Ba na ganin laifin mai neman abin dafa tuwo. Roƙona ga masu sara shi ne, kafin a ɗaga gatari a kewaya itacen a duba. In an ga rami zagayayye a jikinsa, musamman da rani, a matsa zuwa na gaba, wataƙila akwai ƙwai a ciki.