Wai emuleta sata ce? To Sony da Nintendo ma ɓarayi ne ke nan

Jama'a, tun da aka rufe Yuzu wasu ke ta yaɗa cewa duk wanda ya buga gem ɗin PlayStation ko Nintendo a kwamfuta ɓarawo ne. Maganar nan ba ta da tushe, gara a warware ta.

Emuleta manhaja ce da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi na'urar gem, ta karanta umarnin da aka rubuta wa PS2 ko GameCube ta aiwatar. Ba ta zuwa da gem ko ɗaya. Idan wani ya sa kaset ɗin sata a rediyo, rediyon za a kama?

Kotu ma ta taɓa duba lamarin. A 2000 Sony ya sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a shari'arsa da Connectix, masu emuletar PlayStation. Me ya yi? Ya sayi manhajar ya binne ta. Bleem ma ba hukunci ne ya kashe shi ba, kuɗin lauyoyi ne ya durƙusar da shi a 2001. Haka Yuzu: babu alƙalin da ya ce emuleta haramun ce. A Maris 2024 masu ita suka yi sulhu da Nintendo kan dala miliyan 2.4, suka rufe, Citra ta bi ta. A Oktoba Ryujinx ma ta tafi. Ƙarfin aljihu ne ya yi aiki.

Ga inda abin ya fi ba ni haushi. PlayStation Classic da Sony ya fitar a 2018, emuletar PCSX ReARMed ce a cikinta, wadda 'yan sa-kai suka rubuta kyauta. Tsofaffin gem ɗin da Nintendo ke karɓar kuɗi a kansu a Switch Online, da emuleta suke tafiya. Wato idan su suka yi kasuwanci ne, idan kai ka yi laifi ne.

Kuma ana asara. Binciken Video Game History Foundation na 2023 ya gano kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. A Maris 2023 Nintendo ya rufe shagon intanet na 3DS da Wii U. PS2 da ta cika gidajen gem a unguwanninmu an daina ƙera ta tun 2013. Wanda ya sayi faifansa da guminsa, na'urar ta mutu, ya zuba faifan a shara ke nan? Ai PCSX2 ce gatansa.

Amma fa kar wani ya fake da guzuma ya harbi karsana. Nintendo ya ce an sauke Zelda: Tears of the Kingdom fiye da sau miliyan 1 tun kafin ya fito kasuwa. Wannan cin haƙƙi ne, babu kwana-kwana, kuma irin masu yin haka ne suka miƙa wa kamfanin sandar da ya daki kowa da ita.

Matsayina a fili yake: sabon gem da ke kasuwa, ka saya ko ka haƙura. Tsohon da kamfani ya yi watsi da shi, ko dai ya dawo da shi kasuwa, ko ya ƙyale masu adana shi.

Mai ja ya zo da hujja, ban da zagi.