Masu Lambun Bakin Rahad, Ina Muka Kai Kunya?

Akwai mai lambu a bakin kogin Rahad da zai yi wa tumatirinsa feshi da la'asar, ya tsinke shi da asuba, kafin hantsi yana tsakiyar kasuwar Hawata yana rantsuwa da Allah cewa kayansa lafiya lau. Ba mutum ɗaya ba ne. Ka san su, na san su, wasunsu ma da su muke haɗa kafaɗa a sahun farko. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne, in ka zaga ƙarshen lambun nan, can wajen gindin lemun tsami, za ka tarar da 'yan fangali biyu ko uku da bakin famfon feshi bai taɓa leƙawa ba. Waɗannan na gida ne. Na maiɗakinsa da 'ya'yansa. Ashe ya san abin da yake yi sarai! Ya san guba ce, shi ya sa ya killace wa cikinsa mai tsabta, sauran kuma ya lafta wa jaki ya kai wa 'ya'yan mutane.

Don Allah wannan wane irin rashin imani ne?

Kada wani ya zo mini da zancen jahilci. Kwalbar magani ta gaskiya tana zuwa da takarda a jikinta, an rubuta awon da za a zuba da kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfani. Wanda bai iya karatu ba yana da ɗan makaranta a gida, in babu a gidansa akwai a maƙwabta. Amma ina! Mutum ya fi son ya je wajen mai sayar da magani a gorar ruwan da aka shanye, babu suna, babu takarda, babu ranar lalacewa, a tsiyaya masa ruwan da shi kansa mai sayarwar bai san mene ne ba. Ya dawo ya haɗa kala biyu ko uku a durom ɗaya, ya dama da sanda, ya saɓa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu tanki a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska tana kaɗo feshin kan fuskar yaron da kan salak ɗin maƙwabci da ya rage kwana ɗaya a cire. In ka yi magana ya ce maka ai haka kowa yake yi. Kowa ɗin nan shi ne ya kashe mu.

Ga kuma gwanaye. Kowace inuwa a bakin kogi tana da nata, mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi. Saurayi ya fara lambu, ya kawo ganyen da ya nannaɗe yana tambaya cikin ladabi, maimakon a duba masa sai a fara da dariya, a ce wa ya aike shi, sannan gwani ya ce ya ninka awon maganin sau biyu. Yaro ya ninka, ya ƙone shukarsa, ya ci bashi a banza. Gwani kuwa ko a jikinsa, gobe yana nan a inuwar yana ba wani fatawa. Wanda ya san gaskiyar lamarin kuma, wanda ya gano irin da yake jure wa cutar, ya yi gum. Ka tambaye shi inda ya samo irin, ya ce wani baƙo ne ya ba shi, ya manta sunansa. Ƙarya yake yi, kuma ya san ka san ƙarya yake yi.

Wautar da ke cikin wannan rowa ita ce ƙwaro bai san shinge ba. Tsutsar nan mai shiga tsakanin fatar ganyen tumatir, Tuta absoluta, wadda manoman Kano suke kira sharon, a 2016 ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Mu ma nan Sudan ta daɗe da iso mana. Tana ɓuya a cikin ganye inda feshi ba ya kai mata sosai, tana hayayyafa da sauri, tana saba wa magani in aka dame ta da iri ɗaya. Maganinta na farko shi ne maƙwabta su faɗa wa juna da wuri, kowa ya tuge abin da ya kamu ya binne ko ya ƙone, kada a bar karan tumatir a yashe bayan an gama tsinka. To amma me muke yi? Mutum ya ga cuta a lambunsa ya rufe baki, yana lissafin cewa in ta kama na kusa da shi ma ai ba shi kaɗai zai yi asara ba. Ya gama cin amfaninsa ya bar ruɓaɓɓen kara a tsaye, ya tafi abinsa, ya bar wa unguwa gidan haihuwar tsutsa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun ne yake ci, muna matsawa kusa da na ɗan'uwa don ya kama.

Kuma ba sai mun je nesa neman darasi ba. Ga Jazira nan maƙwabciyarmu. An yi shekara da shekaru ana yi wa auduga ruwan magani da jirgin sama, aka kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, wajen ƙarshen shekarun 1970 farin ƙuda ya zama annobar da ta fi wadda ake yaƙa tun farko. Gwamnati da jiragenta da masananta ba su ci nasara da yawan feshi ba, sai kai da durom da sanda?

Mu koma kan ruwa, don a nan ne hali yake fitowa tsirara. Rahad ba kogin shekara ba ne. Daga duwatsun Habasha yake gangarowa da damina, ya cika ya batse, ya wuce Hawata, ya wuce Mafaza, ya je ya faɗa Nilul Azrak kusa da Madani. Da rani ya kama sai ya yanke, ya bar tafkuna nan da can a cikin yashi. Waɗannan tafkunan su ne rayuwar kowa har ruwa ya dawo: mata suna ɗiba, shanu suna sha, masunta suna jefa koma, masu lambu suna ja. A cikin wannan ruwan, wanda ba ya gudu balle ya wanke kansa, mutum zai tsuguna ya ɗauraye tankin feshinsa. Ya wurga kwalbar da ta ƙare a gefe, yaro ya tsinta ya kai gida a zuba man girki. Wani ma da gangan yake tsiyaya magani don kifi ya taso ya kwashe, babba da ƙarami, har da wanda bai kai ɗan yatsa ba. Sannan da daddare a zauna ana mamakin yadda ciwon ciki ya yi yawa a gari, ana cewa iska ce.

Mai injin ban ruwa kuma, Allah ya ba shi kuɗin mai, sai ya ɗauka Allah ya ba shi kogin. Ya jefa tiyo a wuri mafi zurfi, inji yana ruri tun magariba har kiran assalatu, fangalinsa ya cika ya tumbatsa ruwa yana malala a hanya, shi yana gida yana barci. Da safe tsoho mai guga da 'yar albasarsa ya zo ya tarar da laka. Ka ce masa, "Alhaji, a rage wa na ƙasa mana," ya dube ka sama da ƙasa ya ce da kuɗinsa ya sayi mai. Man ka saya, Alhaji. Ruwan wa ya sayar maka? Wannan shari'a ai an yanke ta tun a Madina, lokacin da Zubairu ɗan Awwam ya yi jayayya da wani mutumin Ansar a kan ruwan ban dabino, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa na sama ya shayar gwargwado sannan ya sakar wa maƙwabcinsa. Malamanmu suna karantar da wannan. Masu injin suna zaune a wajen karatun suna gyaɗa kai.

Sai rikicin kowace shekara, wanda ni kam ya ishe ni. Ruwa ya janye, ya bar sabuwar laka a gaɓa, ta rufe alamun iyaka. Kafin mai wuri ya zo, turke ya yi tafiya. Taku ɗaya bana, taku ɗaya baɗi, in wurin na marayu ne ko na bazawara taku uku a dare ɗaya. Wanda ya matsar da shi zai dafa Alƙur'ani ya ce nan kakansa ya kafa. Alhali ko yaron da ke makarantar allo ya ji cewa an la'anci mai sauya alamar ƙasa, ya ji abin da ke jiran wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci.

Mu Hausawa fa, a duk mutanen ƙasar nan, mu ne ya kamata zancen ƙasa ya fi sa wa tsoron Allah. Kakanninmu baƙi suka zo. Wasu a hanyar hajji suka yada zango, wasu suka biyo ayarin da ya taso bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagorance su har bakin Nilul Azrak, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Suka bazu a bakin Rahad da Dindir da fartanya da koma, suka mai da gaɓar kogi abinci. Har yau akwai masu kallon jikokinsu su ce ba su da ƙasa. Ba mu manta 2022 ba, lokacin da rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a Rusairis da Damazin, daga baya Wad al-Mahi, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, Hausawa suka fito kan titi a Kassala da Gadarif da Khartum suna neman adalci. Mun yi kuka, kuma kukanmu gaskiya ne. To da wane baki mutumin da ya yi wannan kuka zai dawo gida ya tuge turken marayan ƙaninsa? Zaluncin da ka ƙi a yi maka a jiha, kai kana yin sa a fangali.

Yaƙin nan da ya fara a watan Afrilu na 2023 ya ƙara tona mu. Da Madani ta faɗi a Disambar shekarar, da Sinja da Dindir suka bi a tsakiyar 2024, mutane suka kwararo jihar Gadarif da abin da suka iya ɗauka a ka. Akwai waɗanda suka buɗe gidajensu da lambunansu, Allah ya saka musu, ba da su nake ba. Da wanda ya ga yunwar baƙo ya ga kasuwa nake. Ya ɗauki magidancin da ya baro gidansa da gonarsa aikin cirar ciyawa, rana ta take, da yamma ya ba shi rabin abin da zai ba ɗan gari, don ya san ba shi da bakin musu. Ya jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa, ya miƙa wa matar da ta ƙirgo jinai na ƙarshe a bakin zaninta. Jikan ɗan gudun hijira ke nan yake yi wa ɗan gudun hijira haka.

Na san za a ce ai makiyaya ma suna sako mana dabbobi cikin dare. Gaskiya ne, kuma ɓarna ce, wanda ya yi ya biya. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya shuke mashayar da shanu suke bi tun kafin a haife mu? Wa ya ja shingen ƙaya har bakin ruwa? Manyan gonakin tarakta sun riga sun cinye musu burtali a tudu, mu kuma muka toshe musu kogi, sannan muna mamakin faɗa.

Duk wannan da sauƙi in da manya suna magana. Ka kai ƙara wajen dattawa, a shimfiɗa tabarma, a kawo shayi, a yi salati, ƙarshenta a juyo kanka kai da aka cuta a ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, zumunci ya fi lambu." Kullum mai rauni ne ake nema wa ladan haƙuri. Ban taɓa jin an ce wa mai inji ya yi haƙuri ya kashe injinsa ba. Ban taɓa ganin an tasa mai turke a gaba an ce ya mai da shi inda ya ciro ba, sai dai a raba wurin biyu a ce an yi sulhu, ɓarawo ya tashi da rabi. Baba, wannan sunansa tsoron mai kuɗi, ko an yi masa fatiha.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba ya bukatar gwamnati ko ƙungiyar agaji. Limamanmu su hau mumbari ranar Juma'a su ambaci feshi da tanki da turke da sunayensu, su daina tsayawa a kan "a ji tsoron Allah" wanda kowa yake ɗauka da maƙwabcinsa ake. Shehunan unguwa su sa a kafa iyakoki a gaban shaidu kafin ruwa ya zo, a rubuta, a ajiye takardar a hannun mutum fiye da ɗaya. Masu jan ruwa a tafki ɗaya su zauna su raba sa'o'i, mai guga ya sami nasa kafin mai inji. Duk wanda aka kama yana wanke tanki a ruwan sha, a ci shi tara a bainar jama'a ko ɗan waye.

Kai kuma ɗan'uwa, gobe in ka ga maƙwabcinka ya saɓa kwando zai shiga fangalin da ya yi wa feshi jiya, kada ka kau da kai ka ce ba ruwanka. Tare shi a bakin shinge ka gaya masa a fuskarsa cewa in ya kai kayan nan kasuwa, kai ma kana tafe a bayansa, kuma za ka faɗa.