GESKERU: KAKAR TATTASAI ITA CE LOKACIN GUDUMMAWAR MAKARANTA

A ƙasarmu makarantun firamare suna buɗewa cikin watan Oktoba. A gaɓar Komadugu kuwa, daga Shetimari zuwa Geskeru har Boso, wannan wata shi ne lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa. Ya dasa tattasai, ya ci bashin man injin ban ruwa da takin zamani, kogi yana cika, amfani bai nuna ba. Sai daga Disamba zuwa Maris, idan an tsinki tattasai an shanya, kuɗi suke shigowa gari. Wannan saɓani tsakanin kalandar makaranta da kalandar gona shi ne tushen wahalar ƙananan makarantun ƙauye.

Irin makarantar da muke nufi sananniya ce: malami ɗaya ko biyu, aji biyu ko uku a rumfa guda. Ƙanƙantarta tana da amfani, domin malami ya san kowane yaro da sunansa da gidansu, ya san wanda ke jin Barbarci kaɗai da wanda ke jin Fulatanci ko Hausa, yana bin kowa gwargwadon fahimtarsa. Amma ƙanƙantar ita ce kuma rauninta: iyaye kaɗan ne, abin da za su tara kaɗan ne.

Doka ta riga ta faɗi wanda nauyin yake kansa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta raba ɗawainiyar makaranta tsakanin gwamnati, da ƙananan hukumomi, da iyaye, da abokan taimako. A 2004 aka fara shirin "Makaranta don Kowa" a jahar Tawa tare da taimakon Japan, daga nan kwamitocin kula da makarantu, waɗanda jama'a suka sani da sunan COGES, suka bazu ko'ina cikin ƙasa. Aikinsu shi ne kiran taron gari, tsara ayyukan shekara, da tara gudummawa. Wannan ba baƙon abu ba ne: zamanin Janar Seyni Kountché, Samariya ta gina azuzuwa masu yawa da aikin gayya.

Sai dai Geskeru ta ga abin da wasu wurare ba su gani ba. Bayan harin Boko Haram a kan Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur da kamun kifi da cinikin tattasai, an taƙaita mai da taki. A wannan shekara makarantu fiye da 100 suka rufe a jahar. Mutanen bakin kogi suka koma gefen babbar hanya mai lamba 1, a wurare irin su Ngagam, Kinjandi da Garin Wanzam. Sai a 2017 aka ɗage hanin cinikin tattasai. A Oktoba 2019 kuma Komadugu ta yi ambaliya, ta cinye gonaki da gidaje. Duk wanda zai nemi gudummawa a nan, dole ya san cewa a gari ɗaya akwai mai gona, akwai wanda ya baro tasa.

To, yaya ya kamata a tafiyar da neman?

Na farko, lokaci. Da sanyin safiya ake kama fara. A kira taron gari kafin tsinkar farko, a karɓi gudummawa tsakanin Janairu da Maris, a yi tanadinta domin buɗewar makaranta mai zuwa. Kwamitin da ya jira Oktoba zai tarar an biya bashi, an yi bukukuwa, hannu ya koma wayam.

Na biyu, a faɗi abin da ake nema ƙarara: bencina kaza, kwanon rufi kaza, alli da littattafai. Mutum ya fi sakin hannu ga abin da idonsa zai gani. Ajin ƙasa mai rufin kwano ya kamata ya zo gaba, domin gobarar azuzuwan zana ta 2021 ta kashe yara 20 a Yamai cikin Afrilu, ta kashe fiye da 20 a Maraɗi cikin Nuwamba.

Na uku, a karɓi abin da mutum yake da shi. Manomi ya ba da mudun tattasai, makiyayi ɗan akuya, wanda gudun hijira ya raba da gonarsa ya ba da ƙarfinsa wajen buga tubali. Kada a kori yaro ko ɗaya saboda ubansa ya kasa. Makarantar gwamnati ta kowa ce.

Na huɗu, a yi hattara da ajiya. Cinikin tattasai da naira ake yinsa galibi, naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun 2023. Abin da aka tara a mai da shi sefa, ko a sayi kayan aiki nan take. Riƙe tattasai don jiran tsada yana da riba, amma ƙwari da danshi suna iya cinye ta.

Na biyar, lissafi a fili. Ma'aji daban, darakta daban. A rubuta kowace dala da kowace jikka, a karanta gaban jama'a da harshen da suke ji. A nan ne ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, suke da babban aiki: wanda ya iya karatu da lissafi shi ne idon gari.

Ga ma'aikatan hukuma kuma, magana ɗaya ce. Gudummawar iyaye taimako ce, ba ta sauke nauyin gwamnati da na ƙaramar hukuma. Gari yana iya gina aji, amma turo malami, biyansa kan lokaci da tsaron hanyarsa aikin hukuma ne. Idan talakawa suka gina aji ya zauna babu malami, baɗi ba wanda zai amsa kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.