Inji ya mutu: a sake shi ko a sayi wata mota?

Ƴan uwa manoma, ƙungiyoyi da yawa a karkararmu suna da tsohuwar mota guda, wadda aka saya da kuɗin asusu. Ita ke kai albasa kasuwar Galmi ko ta Madawa, ita ke ɗauko taki. Ita ce kuma ake tayarwa da tsakar dare idan naƙuda ta gagari mace a gida. Ran da injinta ya mutu sai taro ya rabu biyu: wasu su ce a sa mata wani inji, wasu su ce a sayar da ita a nemo wata.

Mu a ganinmu, muddin jikin motar yana da lafiya, sake inji ya fi.

Saboda haka jikin za a fara dubawa. A shiga ƙarƙashin motar da fitila, a duba shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da ita duka. Shin ya tsage? Tsatsa ta cinye shi? An yi masa walda wuri-wuri? A duba giya, da birki, da sitiyari. Idan waɗannan sun gaji, sa sabon inji zubar da kuɗi ne, kuma ganganci ne a ɗora mutane a kai. Irin wannan mota a sayar da ita, kada a yi mata kara.

Sannan ba kowane ciwon inji ne ajali ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji yana ƙona mai, sau da yawa zobban fistin ne suka cinye. Farin hayaƙi mai yawa, ga ruwa yana raguwa, ga man inji ya koma kamar kunu, alama ce ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Duka biyun ana gyara su. A nemi makanike biyu su duba, kowa daban, kuma kada ya zama wanda ke da injin sayarwa a gareji. Ba mu ce macuci ne ba, amma mai haja hajarsa yake yabo.

Masu son wata mota suna da hujja: sun gaji da turi a hanya. Sai dai abin da kuɗin ƙungiya zai iya saye shi ne mota ƴar Kwatano, ita ma tsohuwa ce, kuma ba mu san ciwonta ba. Tamu kuwa mun san tarinta da atishawarta. Ga kuɗin duwan, ga na takardu, ga asiransi. A 2023 da aka rufe iyakar Gaya da Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin ɗauko ya ƙaru. A tambaya kuma ko ana samun kayan gyaranta a Maraɗi ko Ƙonni. Motocin yanzu da yawa ba a gane ciwonsu sai da kwamfuta. Peugeot 504 kuwa an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006, shi ya sa makanikanmu suka san ta ciki da waje.

In an tsaya kan sake inji, a sa mai sayarwa ya tayar da shi a gaban wakilan ƙungiya. A karɓi takardar ciniki mai lambar injin, da kwanakin da za a iya mayar da shi idan ya ƙi. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan: sakatare ya karanta ta da ƙarfi kafin a biya ko dala. A wanke lagireto, a sa sabuwar matatar iska, domin zafi da ƙura su ne suke kashe inji a ƙasarmu. A toshe duk inda salansa ke yoyo, don hayaƙinta guba ne ga marar lafiyar da ke kwance a baya.

Kuma a yi aikin tun da sanyi, kafin a fara cirar albasa a watan Maris.