Kurket: Zaɓen 'yan wasa daga makaranta yake farawa

A Janairun 2020, matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka je gasar cin kofin duniya ta kurket a Afirka ta Kudu, karon farko a tarihi. Wasan yini guda ne, mai zagaye 50. Sun ci maki 61 kacal a gaban Ostareliya, 57 a gaban West Indies, 58 a gaban Ingila. Da suka doke Japan ne suka ƙare a matsayi na 15 cikin ƙasashe 16.

Bayan irin wannan kaye, gardama takan koma kan wanda aka ɗauka da wanda aka bari. Amma laifin bai tsaya kan yaran ba. Wasan zagaye 50 yana buƙatar mai bugun da ya saba tsayuwa awanni a fili, kuma ba a koyon hakan a sansanin horo na 'yan makonni.

Matsalar ita ce ƙarancin wuraren da ake zaɓo 'yan wasa. Kurket ya fi ƙarfi a Legas da Edo da Kaduna. Yaron Nahuce ko Bungudu ko Tsafe, mai ƙarfin hannu da kaifin ido, zai iya gama sakandare bai taɓa riƙe sandar wasan ba.

Ya kamata Hukumar Kurket ta Najeriya da gwamnatin Zamfara su fara da makarantun Gusau, su kai kayan wasa da masu horarwa, su kafa gasar shekara-shekara. Sai da hatsi a rumbu ake zaɓen iri.